Ƙorafi Kan Hoton Da Ya Fito A Majigi Ranar Taron Iyaye

Daga:
Malamin Labarin Ƙasa,
Sakandaren 'Yan Mata da ke ƙarƙashin wannan ofishi.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Kula da Ma'aikata,
Ofishin Ilimi na Shiyya.

Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: NEMAN A JANYE TAKARDAR GARGAƊIN DA AKA SA A FAYIL ƊINA RANAR 22 GA MARIS, DA KUMA BINCIKAR MANHAJAR TALLACE-TALLACE DA AKA SA A KWAMFUTOCIN MALAMAI

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Darakta yana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni ne malamin labarin ƙasa na wannan makaranta. Shekarata talatin da biyar a aikin koyarwa, sha tara daga ciki a nan na yi su. Bisa takardar da ofishinka ya aiko mini, ranar Juma'a 28 ga Yuni za a rufe fayil ɗina in yi ritaya. Takarda ta ƙarshe a cikin fayil ɗin a yau ita ce ta gargaɗi, wadda ta ce na nuna wa iyayen ɗalibai hotunan batsa, kuma dubawa da nake yi a ɓoye ce ta jawo su. A kan wannan takarda nake ƙorafi, domin ba na son a rufe aikin rayuwata da ita.

Na san ƙa'ida ita ce ƙorafi ya bi ta hannun shugaban makaranta. Na bi ƙa'idar ranar 26 ga Maris. Mako bakwai ke nan takardar tana cikin durowarsa, duk lokacin da na tambaya sai ya ce ana dubawa. Saboda haka nake roƙon afuwa da na tsallake shi. Ga bayanina a jere.

1. Yadda abin ya hau kwamfutata. A farkon zangon karatu na biyu, shugaban makaranta ya sanar da cewa daga yanzu ba za a karɓi sakamakon jarrabawa a takarda ba, sai a kwamfuta. Kwamfutocin makaranta uku ne, biyu sun daɗe da mutuwa, don haka aka umarci kowane malami ya kawo tasa ta gida a sa masa manhajar shigar da maki. Ranar Litinin 15 ga Janairu na kai tawa ɗakin jami'in kwamfuta. 'Ya'yana ne suka haɗu suka saya mini ita, shekara huɗu ina aiki da ita, ba ta taɓa yin abin da ban sa ta ba.

Jami'in yana da wani baƙin filas, wato 'yar na'urar ajiyar bayanai da ake sokawa a kwamfuta, da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi, a ciki ya tara manhajojin da ya sauko da su kyauta daga inda Allah kaɗai Ya sani. Kwamfuta goma sha huɗu muka jera masa a kan dogon tebur, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana soka filas ɗin. Ba ya karanta abin da ke fitowa a allo, maɓallin ci gaba kawai yake dannawa, har malamai suka sa masa suna Danna-Gaba, shi kuma yana amsawa da fara'arsa. Ni da ko takardar da aka naɗo mini sabulu a ciki sai na karanta, na hangi wasu ƙananan akwatuna da aka riga aka yi musu alamar amincewa, na tambaye shi na mene ne. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, ai in aka tsaya karanta waɗannan sai mu kwana a nan." Bayan manhajar maki ya ƙara mini wasu guda uku da ban nema ba: ta juya takardu, ta kallon bidiyo, da wata da ya ce tana ƙara wa kwamfuta sauri. Na yi masa godiya. Ina so a rubuta a wani wuri cewa har godiya na yi masa.

2. Abin da ya biyo baya. Washegari na buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, na tarar an canza mata shafin farko. A maimakon wanda na saba da shi, sai wani shafi mai ruwan lemo da akwatin bincike a tsakiya. Idan na nemi taswirar koguna, sai ya kai ni inda ake sayar da maganin ƙarin ƙiba. Na mayar da shafina, na kashe, na kunna, mai ruwan lemo ya dawo kamar a gidansu yake. Bayan kwana uku tallace-tallace suka fara leƙowa daga kusurwar allo ta ƙasa a hannun dama, ko ban buɗe burauza ba. Da fari na caca ne da na agogo. Daga baya suka koma hotunan mata marasa sutura, da rubutun gayyata da ba zan maimaita wa Darakta ba.

Ranar Alhamis 25 ga Janairu na koma wurin jami'in, na jira har ɗakin ya watse, na faɗa masa cikin ƙasa da murya. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho idan an kama shi da abin kunya, ya ce, "Malam, kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da mutum yake dubawa shi take kawo masa." Na girmi mahaifin wannan jami'i. Na ɗauki kwamfutata na fita.

3. Kuskuren da ke wuyana. Ba zan ɓoye nawa laifin ba, tun da gaskiya nake nema. Ranar Talata 6 ga Fabrairu na rubuta wa shugaban makaranta takarda, amma kunya ta hana ni kiran abin da sunansa. Cewa na yi kwamfutata tana nuna abubuwan da ban nema ba tun ranar da aka taɓa ta. Shugaba ya rubuta a gefen takardar cewa a ga jami'in kwamfuta, wato ya mayar da ni wurin wanda nake ƙara. Daga nan na koyi dabarun mai ɓoye ciwo. Na daina buɗe kwamfutar a falo idan jikokina sun zo. Na mayar da teburina na ofis ya fuskanci bango. Na ƙware wajen rufe talla kafin ta gama buɗewa, har na ɗauka na fi ta sauri. Da na faɗi abin ƙarara a wannan takarda ta Fabrairu, da yau ina da hujja a rubuce wadda ba mai iya musunta. Wannan nadama tawa ce, ba na ɗora wa kowa.

4. Ranar taron iyaye. Ranar Asabar 2 ga Maris aka yi taron iyaye da malamai a babban zauren makaranta. Takardar halarta ta nuna iyaye ɗari biyu da goma sha ɗaya, ban da ɗaliban ajin ƙarshe da suka zauna a baya. An ba ni minti goma in nuna hanyar da za mu bi da yara zuwa ziyarar madatsar ruwa. Tun da safe na roƙi jami'in ya ba ni kwamfutar makaranta, ya ce tana ofishin shugaba kuma an tafi da makulli. Shi da hannunsa ya haɗa tawa da majigi, ya haɗa ta da lasifikar zaure.

Ina cikin nuna inda mota za ta tsaya, hoton ya fito. Bai tsaya a kusurwa ba wannan karon, ya cika bangon zauren, faɗinsa ya fi ƙofa biyu. Na danna in rufe, wasu uku suka buɗe, ɗaya har da murya. Na waiwaya neman wayar da zan zare. Wayar majigin tana bayan teburin manyan baƙi, ba zan kai gare ta ba sai na tsallake mutane shida. Abin da ya zo mini kawai shi ne na cire hulata na rufe idon majigin da ita, na tsaya kai babu hula a gaban iyayen yaran da nake koyarwa, murya kuma tana ci gaba da fita daga lasifika har sai da mai gadi ya kashe wutar zauren gaba ɗaya. An ce duka bai wuce rabin minti ba. Hular tana nan, zafin fitilar ya ƙona ta a tsakiya.

Wani uba ya miƙe ya tambaya ko irin karatun da ake ba 'ya'yansu ke nan. Ban ga laifinsa ba, ni ma uban mata ne. Wanda nake ganin laifinsa shi ne shugaban makaranta, wanda ya karɓi makirufo nan take, bai tambaye ni komai ba, ya gaya wa jama'a cewa makaranta ba ta lamuntar rashin tarbiyya daga kowa komai furfurarsa, kuma za a ɗauki mataki. A zauren nan aka yanke mini hukunci. Duk abin da ya biyo baya cike takardu ne.

5. Binciken da aka ƙi karɓa. Ranar Litinin 4 ga Maris aka ba ni takardar tuhuma. Ranar Laraba 6 ga wata na ɗauki kwamfutar zuwa shagon wata mai gyaran kwamfuta, wadda tsohuwar ɗalibata ce, na koyar da ita shekara goma sha shida da suka wuce. Ranka ya daɗe, tsayuwa a zaure ba ta fi mini wannan zafi ba: in zauna kusa da yarinyar da na koya wa zana taswira, in ce mata ga abin da kwamfutata take nunawa. Ta dubi allon sau ɗaya, ta juya shi gefe don kada in sake gani, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, a makon nan kai ne na huɗu da ya kawo mini irin wannan."

A gabana ta yi aikin, tana yi tana bayani, ni kuma ina rubutawa kamar yadda ita take yi a ajina. Ta buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar bisa ranar da aka sa su, sai ga guda bakwai a ranar 15 ga Janairu, tsakanin ƙarfe goma da minti goma sha biyu da ƙarfe goma da minti goma sha tara. Huɗu na san da su. Sauran ukun a cikin waɗancan ƙananan akwatuna suka shigo, manne da manhajojin kyauta. Ɗaya aikinta turo talla, ɗaya ta kama burauza ta canza mata shafin farko da wurin bincike, ta ukun kuma tana zaune a ɓoye, duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai ta dawo da 'yan'uwanta idan an cire su. Shi ya sa nake gyarawa abin yana komawa. Ta cire ukun, ta cire wadda aka ce tana ƙara sauri domin ita ma ta gidansu ce, ta cire abubuwan da suka liƙa wa burauza, ta soke izinin turo sanarwa da aka ba wasu shafuka sha ɗaya da ban taɓa jin sunansu ba. Ta gyara alamar burauza da ke kan allo, wadda aka cusa wa adireshin shafin mai ruwan lemo, ta mayar da burauzar yadda take tun asali, sannan ta bi kwamfutar duka da manhajar tsaro. Minti arba'in ya ɗauke ta.

Na tambaye ta maganar jami'in, cewa abin da mutum yake dubawa shi kwamfuta take kawo masa. Ta ce irin wannan manhaja ba ruwanta da wanda ke zaune a gabanta, ko liman ne ko jariri, talla ɗaya take turo wa kowa. Ta rubuta rahoto shafi biyu, ta haɗa da hotunan allo masu nuna rana da lokaci, da tarihin shafukan da na ziyarta na shekara guda cif, wanda ni na ce a buga duka kada a bar ko layi ɗaya. Taswirori ne, da hasashen yanayi, da wani shafi kan ciwon gwiwa.

6. Zaman kwamiti. Ranar Alhamis 14 ga Maris kwamitin ladabtarwa ya zauna, mataimakin shugaban makaranta ne ke jagoranta. Na miƙa rahoton. Aka ce ba za a karɓa ba, domin mai rahoton ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, kuma tsohuwar ɗalibata ce, tana iya rufa mini asiri. Na roƙi a kira wani masani daban wanda ba ni da alaƙa da shi. Aka ce makaranta tana da masaninta, aka kira jami'in kwamfuta. Ya shigo da filas ɗinsa a wuya, ya maimaita maganarsa kalma bayan kalma, aka rubuta ta a matsayin ra'ayin ƙwararre. Wanda ya kamata a bincika shi ya zama mai ba da shaida. Na roƙi a soka filas ɗin a kwamfuta a gaban kowa a ga abin da ke ciki, aka ce ba filas ake tuhuma ba.

Akwai abu ɗaya da na gani da idona a wannan zama, kuma na yarda in rantse a kansa. Mataimakin shugaba ya buɗe kwamfutarsa zai rubuta bayanan zama. Kujerata tana gefensa na hagu. Na ga shafin mai ruwan lemo, na kuma ga abin da ya leƙo daga kusurwar ƙasa ta dama. Ya rufe kwamfutar da sauri har ta yi ƙara, ya ce caji ya ƙare, ya nemi a ara masa biro. Mun haɗa ido. Ya san na gani, na san ya sani. Darakta zai iya duba fayil: a duk zaman kwamitin bana, wannan ne kaɗai aka rubuta bayanansa da hannu. Da hannun nan ya sa wa takardar gargaɗina hannu ranar Juma'a 22 ga Maris.

7. Waɗanda suka zo a ɓoye. Daga ranar taron zuwa yau, malamai tara cikin goma sha ukun da muka jera kwamfutoci tare sun same ni, kowa shi kaɗai, kowa yana waige-waige. Duk abin ɗaya ne. Kowannensu ya ji maganar jami'in ko ya ji labarinta, ya ɗauka idan ya buɗe baki za a ce shi ne mai dubawa, ya tsuke bakinsa wata da watanni. Wata malama ta manna farar takarda da salatif a kusurwar allonta, a haka take shigar da maki. Wani ya ce wa matarsa kwamfutar ta lalace, ya kulle ta a akwati. Wani kuma, abin da ya fi damuna, ya zargi ƙanensa da ke zaune a gidansa, suka yi faɗan da ƙanen ya kwashe kayansa ya bar gidan, har yau ba sa magana. Wannan malami ya yi kuka a gabana. Na tura su duka wurin tsohuwar ɗalibata, ta gyara musu. Da na ce su sa hannu a takarda guda ɗaya, babu wanda ya yarda. Ɗaya ya ce, "Malam, kai ka kusa tafiya, mu muna da sauran shekaru a nan."

Na yi musu alkawarin ba zan ambaci sunansu ba, kuma ba zan ambata ba. Ba na jin haushinsu kamar yadda nake ji a makon farko, domin ni ma shirun nan na yi daga Janairu zuwa Maris. Bambancina da su shi ne tawa ce aka haɗa da majigi.

8. Abin da wannan ya jawo mini. An cire ni daga aji, an ba ni tsaron siton makaranta, inda nake zama daga safe zuwa tashi tsakanin karyayyun kujeru da tsofaffin alluna. Ɗalibai idan sun hango ni sai su canza hanya. Waɗanda suke gaishe ni suna yi ne da sauri, ido a ƙasa. An ɗauki hoton bangon zauren da waya, ya yawata a unguwarmu kafin in isa gida a ranar. Mutumin da shekara ashirin muna zama a benci ɗaya a ƙofar gidansa, yanzu idan na zo sai ya tuna yana da aiki a ciki.

Duk wannan zan iya ɗauka. Maiɗakina ce ba zan iya ba. Shekararmu talatin da ɗaya tare. Kwana uku ba ta ce mini komai a kan maganar ba, tana kawo abinci tana ɗaukewa. A rana ta huɗu ta zauna nesa da ni kaɗan, ta ce, "Malam, ni dai ka faɗa mini gaskiya, ko mece ce zan iya ji." Na faɗa mata, na nuna mata rahoton, ta ce ta yarda, kuma na san ta yarda. Amma ta tambaya. Ban taɓa zaton zan kai ranar da za ta ga akwai abin tambaya ba, kuma ita ma tun ranar tana jin kunyar ta tambaya. Ina neman afuwar Darakta da na shigo da maganar gida cikin takardar ofis. Na goge wannan sakin layi sau biyu, na sake mayar da shi.

9. Inda filas ɗin yake yanzu. Ranar Litinin 15 ga Afrilu aka yi wa jami'in kwamfuta ƙarin girma, aka mayar da shi wannan ofishi naka, domin ya taimaka wajen sa manhajar maki a kwamfutocin manyan ma'aikata da na sauran makarantun shiyya. A takardar yabon da shugaba ya karanta mana a ɗakin malamai, an ce ya yi wa kwamfuta goma sha huɗu aiki cikin safiya ɗaya. Gaskiya ne, ina wurin. Ba na neman a kore shi. Yana da iyali, kuma ban yarda ya yi da gangan ba. Rashin sani ne da ƙin a ce bai sani ba, sai kuma magana ɗaya da ya faɗa don ya kare kansa, wadda ta zama igiyar da aka ɗaure ni da ita.

Bisa abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Darakta cikin ladabi da ya yi waɗannan:

(a) A karɓi filas ɗin a ba masanin da ba shi da alaƙa da ni ko da makaranta ya bincika, a kuma dakatar da soka shi a kowace kwamfuta kafin sakamako ya fito.

(b) A duba kwamfutocin malaman nan goma sha uku, da ta mataimakin shugaba, a ga abin da aka sa ranar 15 ga Janairu. A yi shi a sirrance, ba tare da an tuhumi kowa ba, don kada a maimaita da su abin da aka yi da ni.

(c) A aika wa makarantu umarni a rubuce cewa duk wanda zai sa manhaja a kwamfutar wani ya sauko da ita daga shafin waɗanda suka ƙirƙire ta, ya karanta kowane shafi kafin ya danna ci gaba, ya cire alamar amincewa daga duk abin da ba a nema ba, kada kuma ya ƙara wa mutum abin da bai roƙa ba. A gaya wa malamai kada su ba kowane shafi izinin turo musu sanarwa don kawai ya tambaya. Sama da duka, a rubuta da manyan baƙaƙe cewa fitowar irin waɗannan hotuna ba shaida ba ce a kan halin mai kwamfuta, kuma wanda ya kawo ƙara ba za a yi masa murmushi ba.

(d) A janye takardar 22 ga Maris daga fayil ɗina kafin ranar 28 ga Yuni.

(e) Ranar Asabar 8 ga Yuni za a yi taron iyaye na ƙarshe kafin in bar aiki. Ina roƙon a karanta takardar wanke ni a wannan zaure, da wannan makirufo, da bakin wanda ya yi maganar furfurata. A gaban mutum ɗari biyu aka shafa mini kashin kaji, ba zai yiwu a wanke ni a cikin ambulan ba. Ba na neman diyya, ba na neman a mayar da ni aji don kwanakin da suka rage. Wannan kaɗai nake so, kuma maiɗakina za ta zo ta zauna ta ji.

A ƙarshe, ina da roƙo ɗaya da ba ya buƙatar kwamiti. An gaya mini cewa a makon farko na zuwansa, jami'in ya karɓi kwamfutar Darakta ta gida ya sa mata manhajar maki. Idan haka ne, ina roƙon Darakta ya rufe ƙofar ofishinsa, ya tabbatar ba a haɗa komai da majigi ba, ya buɗe burauzarsa. Idan shafin farko mai ruwan lemo ne, ya ɗan jira, ya sa ido a kusurwar ƙasa ta dama. Wataƙila ma Darakta ya riga ya gani, ya yi shiru kamar yadda dukanmu muka yi.

Ni ba zan tambayi abin da Darakta yake dubawa ba. Na san ba ya duba komai. Na yarda da shi tun bai buɗe baki ba, ba tare da rahoto ko shaida ba. Abin da nake roƙo daga wannan ofishi, bayan shekara talatin da biyar, shi ne a yi mini kwatankwacin haka.

Allah Ya ƙara wa Darakta lafiya, Ya ba shi ikon yin adalci, Ya tsare masa mutuncinsa a gaban iyalinsa da jama'a.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Malamin Labarin Ƙasa,
a halin yanzu mai tsaron sito.

Abubuwan da na haɗo:
i. Kwafin takardata ta 6 ga Fabrairu, da rubutun shugaba a gefe.
ii. Rahoton mai gyaran kwamfuta, shafi biyu, da hotunan allo.
iii. Tarihin shafukan da na ziyarta na shekara guda, shafi sittin da uku.
iv. Kwafin bayanan zaman kwamiti, rubutun hannu.
v. Kwafin takardar gargaɗi.
Hular ban haɗo ta ba. Da ita zan zo ranar 8 ga Yuni.